Zabuwar da na kai gidan su Binta

A shekarar da nama ya zama sai labari a ƙauyenmu, na ari bindigar kawuna, 'yar ƙarama mai cin harsashi ɗaya, wadda ake naɗewa a jefa a jaka. Niyyata in harbo zabuwar daji in kai wa mahaifiyar Binta, ta san 'yarta ba za ta sha miya lami a gidana ba. Har na hango kallon da Binta za ta yi mini, irin na cikin littattafai.

Na manta cewa a wajenmu daji ya ƙare tuntuni, gona ce ke bin gona. A bayan wata gonar gero na ga zabuwa, ko gudu ba ta yi ba. Na ce kwarjinina ne. Na harba.

Na durƙusa gaban Inna, mahaifiyar Binta, na miƙa mata. Ta juya ƙafar, sai ga jan zaren da ta ɗaura da hannunta.

"Sannu da ƙoƙari, ɗan nan. Ita kaɗai ke yi mana ƙwai."

Binta dai wani tela ta aura a Minjibir. Har yau in na doso majalisa sai a ce, "A kulle kaji, ga Sarkin Baka nan!"

Su yi ta faɗa. Saitina dai ba wanda ya taɓa kushewa.