Koren Madanni da Akuyata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da waya ta zubar mani da girma ba. Ni ce shugabar ƙungiyar mata masu daddawa a Kankara, kuma in na shiga taro ko tari ba a yi. Da wannan kwarjinin nake riƙe su.

Ɗiyar ƙanena, Rabi, da ta karanci kwamfuta, ita ta haɗa mana 'yar manhaja a waya don mu riƙa jin farashin kalwa. Ni ban yi boko ba, da launi nake aiki: kore saurare, ja tsayawa. Shi ke nan.

Sai abu ya fara girma. Matan Faskari suka ce a sa masu wurin hoto. Na Damari suka ce wurin sanarwar suna da biki. Rabi ta roƙe ni in bari ta zauna ta tsara abin gaba ɗaya, na ce tsarin mi, ta liƙa kawai (na faɗa da tsawa, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi). Ta yi ta liƙawa. Ashe a sabon shafin, kore ba saurare ba ne, ɗaukar murya ne a aika wa kowa.

Wata safiya na danna kore, ban ji farashi ba. Na aje wayar bisa turmi, na tafi ba akuyata dusa. To ni da akuyar nan akwai sirri. Murya nake siranta mata, in kira ta 'yar lelen Inna, in tambaye ta wa ya taɓa ta in rama mata. Ranar har waƙa na yi mata, da tafi.

Da na isa taro washegari, na ga kowa ta sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Na harare su na tambayi mi ke faruwa. Hajiya Lami, ma'ajiyarmu, ta share hawaye ta ce, "Hajiya, ba komai. Ya jikin 'yar lele?"

Wata ta danna wayarta. Muryata ta cika zauren, akuyar na amsawa. Ƙananan hukumomi uku sun saurara, har wata daga Sabuwa ta aiko tana neman ƙarashen waƙar.

Na je wa Rabi da faɗa. Ta ce, "Gwaggo, ke kika ce in liƙa."

Na ba ta wata guda ta tsara manhajar, na hana kowa neman ƙari, ta mai da kowane launi aiki ɗaya a ko'ina. Na dai koyi cewa in mai aiki ta ce a bari ta tsara, a bari. Kwarjinin kuwa rabi ya dawo. Har yau in na tsawata a taro, sai wata daga baya ta yi kukan akuya ƙasa-ƙasa, kuma ban gano ko wace ce ba.