Wayoyi Tara, Adireshi Ɗaya

"Lafiya lau nake, ganinka ne dai ya rage min ita," in ji Hajiya Sailuba, tun jikanta Muhsin bai gama durƙusawa ba.

"Amarya ke nan. Ni da na sha cunkoson Zuba saboda ke?"

"Wa zai auri mai wuyan zalɓe? Tashi ka ba ni wuri."

Muhsin, mai aikin kwamfuta a Abuja, shi ya saka musu akwatin intanet a falo. Ranar da ya saka akwatin, ya yi suɓutar baki, ya ce duk wayoyin gidan da adireshi ɗaya suke fita duniya. Hajiya kuwa ba ta da mantuwa. Nan take ta sa aka cire wayarta daga layin. Yanzu ga datarta ta ƙare, alhali tana jiran likita ya turo sakamakon gwajin da ta yi a ɓoye, na wani ƙulli a hammatarta. Tsoro take ji ƙwarai, kuma ba ta so 'ya'yanta su riga ta sani.

"Mutum tara, adireshi ɗaya," ta ce. "Saƙona ya dawo ya faɗa wayar uwarka, ka ce min tsautsayi ne?"

"Tsohuwa, wane sirri gare ki? Saurayi kika yi a kasuwa?"

"Uku ma. Duk sun fi ka kyan gani."

Ya yi dariya, ya gyara zama ya warware mata. Akwatin yana ba kowace waya lambarta ta cikin gida, wadda mutanen waje ba su sani ba. In wayarta ta nemi abu, sai ya cire lambar, ya manna adireshin gidan haɗe da wata lambar ƙofa, ya riƙe cewa ƙofar nan ta Hajiya ce. Amsa na dawowa ya duba ƙofar, ya miƙa wa mai ita. Abin da ba wanda ya nema kuwa, daga waje yake juya shi.

"Wato ya fi ka amana."

"Ya fi ki riƙe baki dai."

Ta harare shi, sannan ta miƙa masa wayar. Yana haɗawa saƙo ya shigo, da Turanci. Sai a lokacin ta tuna ba ta iya karanta shi, dole ta gaya masa abin da take jira. Wasa ya ɗauke daga fuskar Muhsin. Ya karanta sau biyu.

"Hajiya, kitse ne kawai. Ba mugun ciwon ba ne."

Ta yi hamdala, ta share ido da gefen mayafi, dariya ta ƙwace mata. Ta laluba ƙarƙashin filo ta jefa masa ƙullin dambun nama.

"Ungo, ka ci rabi. Sauran na akwatin ne, shi ya yi aikin."