Keken Dokin da Na Ɗinka a Ƙirji

Ko zan manta da komai na shekarata ta farko a wurin aiki, ba zan taɓa mantawa da baƙar kwat ɗin nan ba. Lokacin ina ma'aikacin gwaji a wani kamfanin sayar da kayan sola a Abuja, ba a tabbatar da ni ba tukuna. Sai shugabarmu, Madam Ladi, ta ce wani dattijon Bature zai zo sa hannu a kan kwangila, ni zan tsaya in yi bayani.

"Ka sa suit mai kyau, ka ji ko? In ka yi disgracing ɗina, confirmation naka ya tafi."

Ni kuwa ban da kaftani ba ni da komai. Ranar Talata na sheƙa kasuwar Karmo wurin masu gwanjo. Wani Bakatsine, Malam Sada, ya tono mini wata tsohuwar kwat daga ƙasan dila, mai nauyi, ɗinkin da. Da na buɗe cikinta sai na yi arba da ɗan ƙyallen tambarin maɗinkanta, na kasa ɗauke ido. Ba bugun inji ba ne irin na yanzu, saƙa ce da zaren siliki: dawakai biyu da gashin jimina a ka, suna jan keken doki mai gilasai, an kewaye su da furanni da zare mai ruwan zinari. A ƙasa ga rubutu cikin wani yaren Turai da ban iya ba.

"Wannan ai ta gidan sarauta ce, yallaɓai," in ji Malam Sada. (Na tabbata da kaza ce a jiki ma haka zai ce.)

A nan wayona ya motsa. Na ce yaya za a ɓoye wannan kyakkyawan aiki a ciki, inda sai singileti ce kaɗai za ta gani? Na kai wa tela, na sa ya farke tambarin ya ɗinka mini shi a kan aljihun ƙirji. Telan ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Na ce masa ya yi aikinsa kawai, ba kowa ya san ado ba.

Ranar taro na shiga ina tafiya kamar wanda ya haɗiye tabarya. Na fara bayani, sai na lura baƙon ba ya kallon allo, ƙirjina yake kallo. Na ƙara turo shi gaba. Can ya ɗaga hannu, ya tambaye ni da Turanci inda na samo wannan. Na gyara murya na ce tsohon tambari ne na masu yi wa gidan sarauta ɗinki. (Har da ɗan murmushi, Allah ya yafe mini.)

Ya cire tabarau. Ya ce rubutun da yarensu ne, kuma masu wannan tambari kayan masu ɗaukar gawa suke ɗinkawa. Keken ma na kai mamaci makabarta ne. Ya ce rabonsa da ganin irinsa tun ranar da aka binne kakarsa yana yaro.

Duk da na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, gumi ya jiƙe mini baya. Wato na zo tarbar dattijo mai furfura da makara a ƙirji. Na saci kallon Madam, na ga ta rufe ido tana motsa baki, ko addu'a take ko takardar korata take tsarawa, ban sani ba.

Sai kafaɗun dattijon suka fara rawa. Ya fashe da dariya har da hawaye, ya dubi Madam ya ce ta gaya wa yaronta ya koma, shi bai shirya tafiya ba tukuna, sa hannu kawai ya zo yi. Daga nan ya roƙe ni in ba shi tambarin, wai yanzu babu masu irin wannan saƙar. Da rezar sakatariya na farke shi na miƙa masa. Wallahi ban taɓa jin daɗin rabuwa da wani abu kamar ranar ba.

Ya sa hannu. Bayan ya fita Madam ta tsaya a kaina.

"Kai, Allah ya so ka. Gobe ka dawo da kaftan naka, abeg."

An tabbatar da ni a ƙarshen watan. Sai dai har yau, in wani ya yi ɗan zazzaɓi a ofis, sai ka ji an ce kada a bar ni in je dubiya. Tun daga nan na gane cewa in maɗinki ya ɓoye abu a cikin riga, to ya fi ni sanin dalili.