Raƙumin da Ya Ci Gasa

Ranar da ɗiyata Hafsatu ta dawo daga firamare da labarin gasar ginin yumɓu, na ce ta tafi wasanta. Ni da na girma ina kallon raƙuma a kasuwar Shinkafi, ba zan bar 'yar aji uku ta zubar da mutuncin gidanmu ba. Na naɗe hannun riga, na yini a zaure ina gina raƙumi a gurfane.

Ranar gasa na sha babbar riga, na zauna a layin gaba. Hedimasta ya ɗaga aikina sama, ya ce shi ya zo na ɗaya. Na gyara zaman hula.

"Iyaye, ku dubi wagga agwagwa," in ji shi. "Sauran duk da hannun manya a ciki. Wagga kuwa, kowa ya gani ya san yarinya ta yi abinta."

Na fi kowa tafi. Hafsatu ta karɓi sabuwar jaka, kafin la'asar kuma ta ba duk unguwa labari.

Har yau in agwagwar maƙwabta ta shigo tsakar gida, sai matata ta leƙo ɗaki ta ce, "Malam, taso ka kori raƙuminka."