Rasuwar Gimbiya, Rigar Nutson Halvard Brekkan

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, gwargwadon abin da ya samu, Ƙungiyar Masu Nutso ta Skarvik tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Gimbiya, rigar nutson shugabanta Halvard Brekkan. Ta cika ranar Lahadin da ta wuce da hantsi, a cikin kwalekwalen ƙungiya, bayan doguwar jinyar da kowa ya sani in ban da mai ita. Ta rasu tana da shekara ashirin da shida.

Marigayiya riga ce ta roba mai kauri, irin wadda ruwa ba ya shiga, tun daga wuya har tafin ƙafa. An ce da ƙuruciyarta ja ce jawur. Waɗanda suka riske ta a ƙarshen rayuwa sun san ta da launin dafaffen jatan lande, da faci goma sha ɗaya, da wani wari da ya sa matar Halvard ta hana ta kwana a cikin gida. Mai haƙuri ce. Ta ɗauki tumbin da yake ƙaruwa kowace shekara alhali ita ba ta ƙaruwa, ba a taɓa jin ta yi ƙorafi ba sai a wajen ɗinki.

Yawancin rayuwarta ta yi shi ne a kan Dagfrid, jirgin dakon gawayi mai tafiya da tururi wanda ya nutse a bayan tsibiri tun zamanin kakanni. Mita tara kacal yake a ƙarƙashin ruwa, in rana ta fito ana hango tukunyar tururinsa daga sama. A bakin Halvard kuwa, wanda ya je Dagfrid ya dawo ya leƙa lahira.

Wanda ya fi kowa sanin marigayiya ba mai ita ba ne. Zif ɗinta a baya yake, daga kafaɗa zuwa kafaɗa, mai sanye da ita ba ya iya ja da kansa. Ƙa'idar kwalekwale kuma ɗaya ce: biyu su sauka, ɗaya ya tsaya a sama ya ja musu zif, ya kula da igiya, ya zuba gahawa. Halvard da abokin nutsonsa Oddmund su ne masu sauka. Mai tsayawa, shekara uku ke nan, Torunn Vassli ce. Ta karanta ilimin halittun teku a jami'a, ta yi nutso a wuraren da suka ninka wannan zurfi, amma shugaba ne yake faɗin wanda ya isa ganin Dagfrid. Duk lokacin da ta tattara ƙarfin hali ta tambaya, amsar ba ta canzawa: "Baɗi, 'yar boko. Dagfrid ba littafi ba ne." Ƙarshen watan nan Torunn za ta bar garin ta kama aiki a kudu. Lahadi biyu suka rage mata, ta san in sun wuce, ita da jirgin da ta yi shekara uku tana leƙe daga sama sai dai a hoto.

Za mu daɗe muna tuna muryar marigayiya. Ƙiiiit, in ana jan zif. Fssss, in iska tana fita ta kafaɗa. Cakwal-cakwal, in an fito tudu, ko da yake Halvard ya rantse gumi ne.

Ciwon ajalinta a zif ya fara. Duk mai nutso ya san zif ɗin irin wannan riga kakin zuma yake so. Halvard ya ce kaki aikin sababbin shiga ne, shi man shanun da ke kan burodinsa yake lakata ya shafa. Torunn, da yake hannunta ne a wurin kowace Lahadi, ta ga haƙoran zif ɗin uku sun fara girgiɗi. Ranar da abin ya faru ta ja zif ɗin har ƙarshe, ta tsaya tana kallon ƙasa, sannan ta ce a hankali, "Halvard, ba zai riƙe ba."

"Me ta ce?"

"Ta ce Gimbiya za ta sake ka a tsakiyar ruwa," in ji Oddmund.

"Yarinya, rigar nan ta girme ki. Ki kula da gahawa kada ta huce."

Abin da ya biyo baya Oddmund ne shaida. A jikin tukunyar tururin akwai wani ɗan famfon tagulla. Ba a ɗaukar ko ƙusa daga Dagfrid, domin masu zuba gawayi huɗu suna ciki ba su fito ba, kuma babu wanda ya kai Halvard yi wa baƙi wa'azin wannan doka. Oddmund ya juya yana kallon wata ƙaguwa. Da ya waiwayo sai ya ga shugaba ya tokare ƙafa, ya miƙa hannu biyu yana kokawa da wani abu, sannan bayansa ya buɗe, kumfa ta tashi kamar an kunce bakin buhu. Ruwan da sanyinsa yake yankan ƙashi ya cika rigar tun daga wuya har ƙafa.

Oddmund ya ja shi ta igiya, shi da Torunn suka mirgino shi cikin kwalekwale kamar salka. Zif ya cije a tsakiya, ba gaba ba baya. Leɓen Halvard ya yi shuɗi, haƙoransa suna kaɗawa. Torunn ta ɗauko wuƙar gyaran kifi.

"Kar... kar ki taɓa min ita!"

"Tsoho, zaɓi ɗaya, kai ko ita," in ji Oddmund. "Ni dai da shawarata za a bi, ita za a bari."

Torunn ta durƙusa a kansa. Ta sa wuƙa a wuyan rigar ta tsaga har cibiya, tsaf, yadda aka koya mata buɗe cikin kifi a jami'a. Ruwa ya fito, Halvard ya fito. Da aka ɗaga gawar Gimbiya kuma, wani abu ya faɗo daga aljihun cinya, ya ce ƙwal a kan katako, ya gangara ya tsaya a gaban ƙafar Torunn. Famfon tagulla ne.

Marigayiya ta rasu ta bar takalman iyo biyu, da hular roba, da safar hannu ɗaya da rabi, da Halvard. Ta kuma bar matarsa, wadda ta ɗauki wannan rashi da juriyar da ta ba kowa mamaki. Ba ta bar magajiya ba. Rigar da za ta ɗauki shugaba sai an ɗinka ta musamman, mai ɗinkin ya nemi a sake aiko masa da awon ƙugu don bai yarda da na farko ba, ya ce sai bayan Kirsimeti. Da Halvard ya tambaya, yana lulluɓe da bargo, yaushe ke nan zai sake sauka, Torunn ce ta amsa, ita da ba a cika jin muryarta ba. Ta ce, "Baɗi."

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe biyu a rumfar kwalekwale. Za a yanka abin da ya yi saura a raba wa masu neman faci, sauran a kai juji. Akwai gahawa da burodi da cuku. Ba a buƙatar furanni, mai niyya ya zo da kakin zuma.

Ranar Lahadi da ƙarfe tara kwalekwale zai tashi. Oddmund da Torunn za su sauka su mayar wa Dagfrid da famfonsa. Ana roƙon mai makoki ya zo da wuri, ya kuma wanke hannunsa daga man shanu, domin zif ɗin Torunn ma a baya yake.