Ɗigon Magani Daga Nesa

Da Yaya ya rasu a Bawku, ni na gaji Duna, karensa mai gadin garke. Kunnensa ya kama warin da ke korar ungulu. Likitan dabbobi ya ce fumfuna ce, a ɗiga magani ciki, a murza, sati biyu.

Ni in taɓa kare da alwalata? Na ɗaure cokali a bakin gora, ina zubawa daga nesa, ina yaba basirata. Ashe ƙeyarsa nake wa wanka.

Duna ya kurmance. Matar marigayi ta ce, "Baban Amina, ko sunan da yayanka ya raɗa masa ba ya ji yanzu."

Har yau a kasuwar shanu, in na miƙa hannun gaisuwa, sai a ja baya: "Dokta, daga nesa dai."