Rasuwar Talatu, Wayar Baba Tela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Baba Tela na shagon ƙarƙashin bene yake sanar da maƙwabta, abokan arziki da masu kawo ɗinki rasuwar abokiyar zamansa, tsohuwar wayarsa mai madannai, wadda duk unguwa ta sani da laƙabin Talatu. Ta cika ne a kan teburin yanka, tsakanin almakashi da alli, bayan doguwar jinya.

Marigayiyar ba ta da kyan gani, gaskiya ɗaya ce. Fuskarta dishi-dishi, lamba biyar ta daɗe da gogewa, kuma da kyauro aka ɗaure mata baya. Amma tana da hali guda wanda ko a cikin masu rai sai an tona: ba ta saɓa alkawari. Kowace Talata, ƙarfe takwas na safe, sai ta ɗauka, "Tirrin-tin-tin! Tirrin-tin-tin!", tana kyarma tana zagaya tebur har allurai su riƙa tsalle a cikin gwangwani. Ba ta yin shiru sai Baba ya ajiye abin da ke hannunsa ya buɗe kwalbar magani.

Ga wanda bai sani ba, Baba yana fama da ciwon gaɓoɓi, irin mai kumbura yatsu har sa zare a allura ya gagari mutum. Likita ya ɗora shi a kan wata 'yar ƙwaya, ya ja masa kunne sosai: sau ɗaya a mako, rana ɗaya tak. In ya tsallake, ciwo ya dawo. In ya maimaita washegari, to ya jawo wa kansa abin da ya fi ciwon. Shi kuwa Baba tun da girma ya kama shi kwanakin mako suka zame masa yadi ɗaya, ba a gane ciki da baya.

A kan haka 'ya'yansa suka yi masa taro. Babban ɗansa, wanda ƙanne ke kira Yaya Babba, ya ce magana ta ƙare: a rufe shago, Baba ya koma gidansa a hawa na huɗu, inda akwai ɗaki mai labule da talabijin, amma babu keken ɗinki, babu mai leƙowa ya ce a rage masa ƙafar wando. Auta ce ta roƙa masa arziki. Ta karɓi wayar, ta zaɓi rana, ta zaɓi lokaci, ta sa ƙararrawa ta riƙa maimaita kanta duk mako. Yaya Babba ya yarda bisa sharaɗi guda: ranar da Baba ya kuskure magani, ranar za a zo da mota a kwashe shi, shi da katifarsa. Tun daga nan shagon nan a wuyan marigayiya yake rataye.

Ciwon ajalinta ya fara da zazzaɓi. Da an sa ta a caji sai jiki ya ɗau zafi rau. Daga baya ciki ya kumbura har murfi ya ƙi rufuwa. An garzaya da ita wurin mai gyaran waya na bakin kasuwa, ya buɗe, ya duba, ya girgiza kai, ya ce sai haƙuri.

Baba ya sayo sabuwa a ɓoye, mai sulɓin fuska. Ya ciro layi daga jikin gawa ya sa mata, don a zatonsa alkawarin Talata a cikin layi yake zaune tare da lambobin mutane. Kaico! Talata ta zo ta wuce, baƙuwar nan ko tari ba ta yi ba. Sai da mai wankin da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo karɓar rigar da aka ce ya zo ranar Alhamis, sannan Baba ya gane Talata ta wuce bai sha magani ba, gumi ya keto masa har cikin hula.

Ya koma wurin mai gyara, wanda ya saita masa ƙararrawa da hannu ɗaya yana amsa kira da ɗayan. Ranar Talata ta buga, ya sha. Washegari ma ta buga, takwas daidai. Baba da ya saba bin umarnin marigayiya ido rufe ya buɗe kwalba. Ƙwaya har ta taɓa leɓensa sai motar kwashe shara ta danna hon a bakin titi, ita kuwa ranar Laraba take zuwa. Ashe garin gaggawa mai gyaran nan ƙararrawar kullum ya sa mata! Baba ya mayar da ƙwayar cikin kwalba ya rufe.

Ya kashe baƙuwar, ya cusa ta cikin kwandon ƙyallaye, don in ta yi shiru tsoro ne, in ta yi kuka tsoro ne. Hannun Auta kaɗai ya yarda da shi, Auta kuwa magana ba ta kwana a cikinta. In ya kira ta, kafin ta ajiye waya Yaya Babba ya ji. Yanzu duk motar da ta tsaya a ƙofar shago, sai Baba ya ɗauke ƙafa daga keke ya kasa kunne.

Talatu ta rasu ta bar caja ɗaya mai naɗin zare a wuya, da kyauronta, da layi wanda ya sake gida tun gawa ba ta huce ba, da kwalbar magani, da dattijo ɗaya mai tambayar duk wanda ya shigo ko yau wace rana ce.

Za a yi mata sutura da ƙyalle mafi kyau da ya rage a kwando, a kai ta makwancinta a aljihun hagu na keken ɗinki, ranar Talata mai zuwa, ƙarfe takwas na safe. Ana roƙon jama'a kada a makara, kada kuma zumuɗi ya kawo wani ranar Litinin. Za a ci gaba da karɓar gaisuwa a shago kowace Talata a daidai wannan lokaci; ba a sa ranar tashi daga makoki ba. Ba sai an riƙo komai ba. Wanda ya fara zuwa ya buga ƙofa da ƙarfi, ya faɗi sunan ranar a fili, kuma don Allah kada ya tafi sai ya ga Baba ya haɗiye ƙwaya ɗaya. Wanda ya zo na biyu ya tambayi na farko kafin ya buɗe baki.

'Ya'yan Baba ba su san da wannan rashi ba. Duk wanda ya haɗu da Yaya Babba a hanya, ya gaishe shi da kyau, ya ce masa Talatu tana nan lafiya ƙalau.